Shaihu Umar Daga Takarda Zuwa Majigi: Tsokaci Kan Fim Ɗin Adamu Halilu

Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, biyu ne suka ginu a kan al'ajabi, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A cikinsu ne ake gamuwa da aljanu da ƙasashen da babu su a taswira. Amma da gwamnatin tarayya ta tashi shirya fim ɗin da za ta nuna a bikin FESTAC na 1977, sai aka ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fi su duka kusa da tarihi. Adamu Halilu ya kammala shi a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Shi Ladan ɗin ne, tare da Dexter Lyndersay, ya riga ya mayar da littafin wasan kwaikwayo.

Abin da za a duba a nan shi ne ribar da labarin ya ci da kuma hasarar da ya yi a wannan ƙaura.

Ribar tana wajen zubi. A littafin, Shaihu Umar ne ke ba ɗalibansa labari da bakinsa, alhali yawancin abin da yake faɗa bai gani ba. Yana yaro ƙarami aka yi wa Makau, mijin uwarsa, sharri a fadar Kagara har ya koma Maƙarfi da zama (garin da ƙasarsa ke iyaka da Rogo a yau). Ba ya nan uwarsa ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka bi da ita ta Murzuk zuwa Tarabulus. Mai karatu yakan tsaya ya ce, wa ya gaya masa? Mai kallo ba ya wannan tambaya, domin da zarar hoto ya koma baya, ido ya zama shaida.

Hasarar kuwa ta fi zurfi. Jigon littafin shi ne haƙuri da ƙaddara, kuma muryar dattijon ce ke ɗauke da shi. Shi da aka sace, aka kai shi Misira, ya tashi a gidan Abdulkarim ya zama malami, yana ba da labarin bauta cikin natsuwa, ba ya tsine wa kowa. Wannan sanyin murya shi ke rufe ciwon. Hoto ba ya iya wannan rufi. Wanda ya ga ayari a sahara, ya ga uwa a hannun ubangijinta, dole ya auna abin da ɗan ya samu da abin da uwar ta rasa: shi ilmi da daraja, ita rasuwa jim kaɗan bayan ta gan shi. A ganina, a nan fim ɗin ya tono tambayar da Ɓalewa ya binne, watakila ba da niyya ba. Mu malamai mun daɗe muna koyar da littafin a matsayin wa'azin haƙuri, muna tsallake uwar.

Wani abin takaici shi ne, shekaru da dama ana nazarin wannan fim ba tare da an gan shi ba, don an ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 aka gano faifansa a Legas, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi tare da haɗin gwiwar hukumar fina-finai ta Nijeriya, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Tsawonsa minti 142 ne, littafin kuwa ɗan ƙarami ne da ɗalibi ke karancewa tsakanin azahar da magariba. Ɗalibin da ya yi niyyar kwatanta su, ya fara da lissafa abin da aka ƙara don cike wannan tazara, da kuma rabon da uwar Umar ta samu a ciki.