Gwanintar Mai Jan Ragamar Zaman Shawara

A gabashin Beljiyam akwai ƙaramin yanki na masu magana da Jamusanci, hedikwatarsa Eupen. A 2019 majalisar dokokinsa ta kafa tsari na dindindin: ana zaro sunayen mazauna ta hanyar canki-canka, daga ɗan shekara 16 zuwa sama, a aika musu gayyata. Daga waɗanda suka amsa sai a daidaita maza da mata, tsofaffi da matasa, masu zurfin karatu da marasa shi, a samu mutum 25 zuwa 50 da za su zauna su ba majalisar shawara. Zama na farko, a 2020, kan aikin jinya da kula da masu rauni aka yi shi. Wani zama daga baya ya duba yadda kowa zai samu shiga harkar intanet ba a bar shi a baya ba.

Tara mutanen ba shi ne wuyar ba. Wuyar ita ce su yi magana ta haifi abu, kuma nan ne aikin mai gudanarwa yake burge ni.

A ɗauka tebur guda ya haɗa ɗalibi, da ma'aikaciyar jinya, da dattijuwar da ba ta taɓa biyan kuɗi ta waya ba. Tambayar da ke gabansu: a saka wa tsoho na'urar da ke sanar da 'ya'yansa idan ya faɗi a banɗaki? Ɗalibin ya riga ya amsa tun ba a rufe baki ba. Gwani ba ya kwaɓarsa. Sai ya raba takardu, kowa ya rubuta nasa a shiru kafin a buɗe baki, don kada ra'ayin mai saurin harshe ya zama na kowa. Sannan ya juya ga dattijuwar: “Ke da za a saka wa, me za ki so a fara tambayarki?” Idan ta yi jim, ba ya cike mata shirun. Yana jira. Sau da yawa daga irin wannan bakin ake jin abin da masana suka tsallake: wa zai ga bayanan, kuma shin na'urar za ta sa 'ya'ya su rage zuwa gaisuwa?

Idan masani ya zo da manyan kalmomi, mai gudanarwa yakan tsayar da shi cikin ladabi ya ce a faɗa yadda kowa zai gane. Idan gardama ta yi zafi, yakan maimaita wa kowane ɓangare maganarsa har mai maganar ya ce, “E, haka nake nufi,” sannan ya raba abin da hujja za ta warware da abin da ya rataya ga mutunci da zaɓin mutum. Mafi wuya duka, yana da nasa ra'ayi amma ko a fuska ba a gani. Kamar ungozoma yake: haihuwar ba tasa ba ce, amma da hannunsa ake sauka lafiya.

A ƙarshe yakan matsa musu su mayar da buri ya zama shawara takamaimai: wa zai yi, da wane kuɗi. Wannan na da muhimmanci, domin a Eupen kwamitocin majalisa suna zama da mahalartan a bainar jama'a, kuma idan sun ƙi wata shawara dole su faɗi dalili.

Kula da tsofaffi magana ce da kamfanonin fasaha da ma'aikatu suka daɗe suna yanke wa mutane. Duk wanda ya iya zaunar da wanda abin zai shafa, ya ba shi sani da lokaci har ya yanke da kansa, ya cancanci a koyi sana'arsa da gaske.