Kama da Wane Ba Ta Wane: Nazari a kan Finafinan Camama

Tun daga 1990, sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, finafinan Hausa suka shiga yaɗuwa birni da ƙauye. A cikinsu akwai wani iri da ake kira camama, watau fim na ban dariya wanda akan shirya da kuɗi kaɗan cikin 'yan kwanaki, galibi kuwa kwaikwayon wani sanannen mutum ne, ko wata ƙabila. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu duba inda irin wannan kwaikwayo yake kasawa, mu auna shi da ma'aunin da Hausawa da kansu suka gada.

Kwaikwayo don raha tsohon abu ne a ƙasar Hausa. 'Yan kama, waɗanda C. G. B. Gidley ya yi rubutu a kan sana'arsu a 1967, sukan ɗauki karin muryar malami mai wa'azi, su bi tsarin karatunsa daki-daki, sai dai su mai da zancen duka na tuwo da nama. Abin da ke ba da dariya a nan shi ne tsarin ya fito daidai, ma'ana ce kawai aka juya. Ashe ke nan ɗan kama sai ya saurari malamin ƙwarai kafin ya iya kwaikwayonsa. Haka kuma Usman Baba Pategi, wanda ya yi soja kafin ya zama Samanja, ya san Hausar bariki ciki da bai, shi ya sa gwarancinsa yake da ƙa'ida, tsofaffin sojoji kuwa suka ji muryarsu a bakinsa.

To, ga wannan sharaɗi na sanin abin kwaikwayo camama ta fi yin sakaci. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, gwani ne ba shakka, fuskarsa da tafiyarsa kaɗai sun isa su sa mutum ya dara. Amma masu shirya fim sun mai da sunansa jari, duk wanda duniya ke zancensa sai a liƙa masa, aka yi Ibro Awilo a kan mawaƙin nan na Kwango, aka yi Ibro Usama a 2002. Abin da aka ara daga waɗannan mutane bai wuce suna da tufafi da gemu ko rawa ba. Mai kallo zai tashi bai ga wani hali na mutumin da aka tona ba, gama tun farko ba a tsara labari don a nuna wani hali ba. An dai bar ɗan wasa gaban na'ura ya yi ta faɗin abin da ya zo bakinsa, in zance ya ƙare a cike da zagi, ko duka, ko guje-guje.

Kasawar ta fi bayyana wajen kwaikwayon harshe, kuma babu inda ya fi dacewa a gwada ta kamar ƙasar Gumel. Masarautar nan, wadda ta haɗa Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sarakunanta Mangawa ne, dangin Barebari, ga kuma Fulani makiyaya ko'ina cikinta. Ran Alhamis a kasuwar dabbobi ta Maigatari, bakin iyakar Nijar, mutum zai ji Hausa a bakuna iri-iri, kowanne da tasa ƙa'ida. Bafulatanin da bai ƙware ba yakan ce “jo” maimakon “zo”, amma ba ya tuntuɓe a kan ɓ da ɗ, domin akwai su a Fulfulde. Babarbare kuwa su ne ke ba shi wuya, sai ya ce “daya” maimakon “ɗaya”. Dukansu biyu sukan rikita jinsin namiji da na mace, saboda harsunansu ba su raba suna ta wannan hanya. Sau da yawa ɗan camama wannan rikicin jinsi kaɗai yake riƙewa, ya shafa wa kowace ƙabila, ya ƙara da murguɗa baki. Dillalin shanu na Maigatari zai gane nan take cewa babu wanda ke magana haka.

Akwai kuma wani aibi da ya fi wannan nauyi. Wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari yana da doka: wanda aka zolaya yana nan a tsaye, zai rama, a tashi babu wanda ya ƙullaci wani. A fim kuwa hanya ɗaya ce. Baƙauye ko Bafulatani kullum shi ne wawa, ba shi da bakin ramuwa, yara kuma su kwashi gwarancin su kai makaranta su riƙa jifan 'yan'uwansu da shi. Wannan ya kamata ya dami duk wanda ke horar da malaman firamare.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi mai da hankali ga rawa da waƙa da sutura, har aka ɗaure Ibro a 2008 a kan fim ɗin Ibro Aloko. Amma ɗauri ba ya koya wa kowa tsara labari, wannan aikin makaranta ne. Shawararmu ga malaman Hausa na kwalejojin horon malamai, har da ta Gumel, ita ce su kawo camama cikin aji. A sa ɗalibai su rubuta maganar ɗan wasa kamar yadda ya furta ta, su kwatanta da ta mutanen da yake kwaikwayo, sa'an nan su faɗi halin da aka so a nuna, in akwai shi. Ɗalibin da ya saba da wannan awo, in ya tashi shirya wasa wa 'yan makarantarsa, zai fara da sauraron mutane kafin ya sa a kwaikwaye su.