Daga Ɓera Zuwa Mutum Akwai Tafiya

In damina ta yi nisa, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji ƙanshin ganyen darbejiya ko na gwanda yana dahuwa domin mai masassara ba. Ba don raina wannan tukunya na ɗauki alƙalami ba. Magana ta a kan masana ta ke, waɗanda su kan kwashi ganyayen nan su kai ɗakin gwaji, sa'an nan bayan 'yan watanni mu ji a rediyo wai an gano maganin zazzaɓin cizon sauro a bayan gidanmu. Aikinsu abin yabo ne, amma shelarsu ta kan riga aikin isa.

Ga yadda su kan yi. A shanya ganye a daka, a jiƙa shi, a tace. Sa'an nan a sami ɓeraye a sa musu ƙwayar cutar, a yi ta ba su ruwan ganyen har kwana 4. Ran na biyar a ɗibi jininsu a duba da madubin likita, a ƙidaya ƙwayoyin da suka rage. Kadan sun ragu ƙwarai, sai a rubuta cewa ganyen yana da ƙarfi. Har nan ba laifi. Laifin shi ne yawanci nan a ke tsayawa. Ƙwayar da a ke sa wa ɓera ba ita ce mai kama mutum ba, 'yar'uwarta ce da aka samo a jikin ɓeran daji a ƙasar Kwango cikin 1948. Kuma ragewa dabam, kashewa dabam. Maganin da ya kashe rabi ya bar rabi, hutu kurum ya ba cuta.

To, da wane mudu za mu auna? Da na mutanen Sin. Cikin 1967 gwamnatinsu ta kafa aikin neman sabon magani, domin zazzaɓi yana ta ƙarar da sojoji a yaƙin Biyetnam, tsohon magani kuwa ya fara gazawa. Cikin 1969 aka sa wata mace, Tu Youyou, ta shugabanci wani rukuni. Ita da mutanenta suka tattara fiye da hanyoyi 2,000 na maganin gargajiya, suka gwada ruwan tsirrai iri iri wajen 380. Wani tsiro dangin tazargade ya kan yi aiki yau, gobe ya ƙi. Da ta koma ga littafin wani malami, Ge Hong, wanda ya yi zamani kimanin shekara 1,600 da suka wuce, sai ta ga jiƙawa ya ce a yi a matse, bai ce a dafa ba. Ashe wuta ce ke ɓata abin. Suka sake dabara ba tare da zafi mai yawa ba, gwaji na 191 kuwa, cikin Oktoba 1971, ya share ƙwayoyin sarai daga jinin ɓeraye.

A nan ne da yawa daga masananmu za su kira 'yan jarida. Ita ba ta yi haka ba. Aka gwada a kan birai. Cikin 1972 ita da abokan aikinta biyu suka sha da bakinsu, don a ga ko da guba. Daga nan aka ba majinyata 21 a tsibirin Hainan, aka kuma ware ainihin sinadarin, watau atemisinin, yadda za a iya auna shi a ma'auni. Lambar Nobel ba ta zo mata ba sai 2015. Haka kwinin ma: an daɗe ana shan ɓawon itacensa na ƙasar Peru, amma sai 1820 wasu Faransawa biyu suka ware shi, sa'an nan likita ya san iyakar abin da ya ke ba mutum.

Wani zai ce, "Haba malam, ni na sha na warke, wane gwaji ya fi wannan?" Gaskiya ne ka warke. Amma babban mutum da ya girma cikin sauro jikinsa ya riga ya saba faɗa da cutar, sau da yawa ko ruwan zafi ya sha zai miƙe. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba kuma. Wanda ba shi da wannan garkuwa shi ne yaro ƙarami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 608,000 cutar ta kashe cikin 2022, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5, kusan ɗaya bisa uku kuwa a Nijeriya. A kan waɗannan ne shelar gaggawa ta ke faɗawa, domin mai tallan magani a tasha ya ji rediyo shi ma, gobe da safe kuwa zai ce likitocin jami'a sun sa wa kwalbarsa hannu.

Ko tsiron nan na Sin, wanda ba a shakkar ƙarfinsa, hukumar ta ce cikin 2019 kada a dogara da shan jiƙonsa. Ganyen wannan gona ba ƙarfinsu ɗaya da na waccan ba, mai sha bai san nawa ya sha ba. Ƙwayar da ta ɗanɗani magani kaɗan ba ta mutu ba, ita ce ta kan haifi masu taurin kai. An riga an ga irinsu a Kambodiya wajen 2008, an gan su a Ruwanda cikin 2020.

Abu guda kuma da na ke ƙorafi a kai: ban taɓa jin an yi shelar ganyen da aka gwada ya kasa ba. Alhali mai dafa tukunyar nan, da ɗanta a kwance, wannan labarin ta fi bukata, don ta san lokacin da za ta sauke tukunya ta goya shi zuwa asibiti.