Zankon siminti a kan rufin kwano

Wani yayi ya shigo gine-ginenmu, daga Agiye da Gazawa har Gidan Rumji, kuma haushi yake ba ni. A tada gida da bulo, a rufe da kwano, a dasa zankwayen siminti a kusurwoyi, a zana dagi da fenti, wai an raya gargajiya. Wace gargajiya? Gwanintar maginin Hausa tana cikin zaure, bisa kanka. Azara gajera ce, ba ta ƙetare babban ɗaki, sai magini ya jera ta cikin laka, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, yana ɗaurewa da igiya, har bakan kowane bango ya tarar da ɗan'uwansa a tsaka, ɗaurin guga ya tsaya ba ginshiƙi. Da wannan dabara Babban Gwani ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ita ce kuma a masallacin Yama na jihar Tawa, aikin Falke Barmu, wanda ya ci lambar Aga Khan a 1986. Zanko hula ce kawai, mu kuwa mun riƙe hular mun yar da kan.

A arewacin Jamus dutsen gini ya yi ƙaranci, sai maginan Lubek suka tada majami'unsu na salon Gotik da jan bulo, suka ɗaura bakan rufi da abin da ƙasarsu ta ba su. A 1987 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Mu da ke da Tsibiri, gidan sarautar Gobir, ga goriba cike da Gulbin Kaba, sai fenti muke ta kira tarihi.

Za a ce ginin ƙasa ba ya jure damina, ga yaɓe duk shekara, ga ɓarnar ruwan 2024 a jihar Maraɗi. To, an ji, kuma kwano ya fi arha. Amma yawanci bangon da ke zubewa shi ne marar harsashi mai ƙwari, marar indararo, marar makuba, kuma masallacin Dandaji da aka kammala a 2018 da bulon ƙasa matsattse ya nuna ana iya gyara wannan. Zafin ɗakin kwano a bazara kuwa, zankon siminti ba ya rage shi. Mai kuɗin zankwaye huɗu, ya nemo tsohon magini ya ɗaura masa baka ko ɗaya ne a zaure, yara masu koyon aiki suna miƙa masa azara.