Mailoma, Sojan Da Ya Komo Gida Da Yaƙi

Duk wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci, lalle ya ji labarin Ganɗoki, littafin Malam Bello Kagara wanda aka buga a 1934. Ganɗoki mayaƙi ne. Yakan shiga fagen fama da kirari, ya fito da kirari, sa'an nan ya zauna yana ba da labari cikin alfahari. Yaƙi bai taɓa hana shi barci ba.

To, akwai wani littafin mayaƙi da ya kamata mai karatu ya ajiye kusa da wancan, watau Ƙarshen Alewa Ƙasa, na Bature Gagare mutumin Katsina. An buga shi a 1982, bayan gasar rubutu da Hukumar Al'adu ta Tarayya ta shirya. Ya haura shafi 300, amma da wuya ka fara ka ajiye.

Tauraron labarin sunansa Mailoma, Bamaguje ne daga Tsaunin Gwano. Mutumin Beli, ko Rogo, ko Ƙaraye, ba sai an kwatanta masa Maguzawa ba, gama maƙwabtansa ne a gona da kasuwa. Irin wannan saurayi ne ya ɗauki bindiga a yaƙin basasa, wanda aka fara a 1967 aka gama a Janairun 1970. Kafin yaƙin sojan ƙasar nan kamar 10,000 ne, sa'ad da aka ƙare kuwa sun kusa 250,000. Yaya za a yi da wannan taro bayan an daina harbi? Tambayar da marubucin ya sa a gaba ke nan.

Mailoma ya tuɓe kaki, amma bai tuɓe abin da kaki ya koya masa ba. Ya tara irinsa, mutanen da suka saba da jini, suka kama fataucin miyagun ƙwayoyi da kisan kai. A nan gwanintar Gagare take. Bai ce mana mu ji tausayin Mailoma ba, bai kuwa mai da shi dodo ba. Ya bar mu muna bin sawunsa, muna tsoronsa, muna kuma tuna cewa dā ɗan ƙauye ne mai fartanya. Ran mutum ya zame masa kamar ran kaza, kuma mun san inda ya koyo wannan. Dattawanmu sun ga irin haka ga waɗansu 'yan Bama da suka komo bayan 1945, mutum ya dawo da ƙafa da hannu lafiya, amma danginsa su rasa gane shi.

Littafin yana da aibinsa. Kisa ya yi yawa, har wani wuri mai karatu yakan daina razana, ya koma ƙirga gawa kawai. Waɗansu faɗace-faɗacen kuma sun fi kama da na majigi, ba su yi kama da na ƙasar Hausa ba. Amma fa Hausarsa tana da kaifi, maganar 'yan bariki ce da ta mutanen karkara, kowane da irin bakinsa. Ƙarshen Mailoma kuwa ba za mu faɗa ba, don kada mu ɓata wa wanda bai karanta ba. Wanda ya san karin maganar da aka sa wa littafin suna ya riga ya hango rabinsa.