Behemot da Dodon Kwango: Bitar Wata Koyarwa Mai Yawo

Akwai wata koyarwa da ta shigo mana ta ƙananan littattafai da bidiyon waya, har ta fara hawa bagade. Tana cewa Behemot na Ayuba sura 40 dainaso ne, wato irin manyan dabbobin nan masu dogon wuya da doguwar jela da ake tono ƙasusuwansu, kuma wai jinsinsa yana nan da rai a fadamun Kwango, ana ce da shi mokele-mbembe. Ranar da aka kama shi, in ji masu koyarwar, bakin masu shakkar Littafi Mai Tsarki ya mutu. Ba mu zargin niyyarsu. Amma tun da ɗalibanmu suna ɗaukar wannan magana zuwa filin aiki, wajibi ne mu auna ta kafin a ciyar da garke da ita.

Yawancin abin da ake maimaitawa ya fito ne daga littafin Roy Mackal, malami a Jami'ar Shikago ta Amurka, mai suna A Living Dinosaur?, wanda ya fito a 1987. Mackal ya je yankin Likouala a arewacin Jamhuriyar Kwango a 1980 da 1981, wani mai bishara da ke zaune a Impfondo, Eugene Thomas, ya taimaka masa da tafinta da sanin hanya. A ba shi haƙƙinsa: bai ce ya ga dabbar ba, kuma ya sa alamar tambaya a sunan littafin. Masu wa'azin da suka biyo baya su ne suka share alamar. Abin da ya kawo gida labaran baka ne, ba ƙashi, ba fata, ba haƙori. Hanyar tambayar ma tana da rauni, domin littafin hotuna ake buɗe wa mutanen ƙauye a ce su nuna wadda suka sani. Duk wanda ya taɓa aiki a karkara ya san abin da ke faruwa in baƙo ya zo da tsaraba, fuskarsa kuma ta nuna amsar da yake so. A wata tafiya ta daban, an sami waɗanda aka nuna wa hoton karkanda suka ce ai shi ne. Tun daga lokacin ayari bayan ayari sun tafi sun dawo hannu rabbana.

Kada a ce mun rena shaidar mutanen daji. Sau da dama su ke da gaskiya, masana ne a baya. Mazauna kurmin Ituri sun san okapi, ɗan'uwan raƙumin dawa mai zane a ƙafafu, tun kafin Turai ta yarda akwai shi. Aka yarda a 1901 bayan Harry Johnston ya aika da fata da ƙoƙon kai zuwa Ingila. Kusa da mu kuma, Buzaye na wajen In Gall a jihar Agadas sun daɗe suna ganin manyan ƙasusuwa a fili suna cewa na wata halitta ce mai suna Jobar. Da Paul Sereno da abokan aikinsa suka tono su, suka sami dainaso mai tsawon kamar mita 18, suka raɗa masa suna Jobaria a 1999 don girmama labarin Buzayen. To ga dodo na gaske a maƙwabtanmu, sai dai ƙasusuwansa sun riga sun zama dutse.

Ma'aunin nan ba Bature ya koya mana ba. A labarin Daura, da aka wayi gari an kashe macijin rijiyar Kusugu, mutane da yawa suka ce su ne. Daurama ba ta yi gardama da kowa ba, kan macijin ta nema, Bayajidda kaɗai ya fito da shi. Abin da muke tambayar masu dodon Kwango ke nan: ina kan?

Mu koma ga nassin, domin a nan ne kuskuren ya fi nauyi. Hujjarsu ta rataya a kan aya 17, inda aka kwatanta jelar Behemot da itacen al'ul. Suka ce jelar dorina guntuwa ce, don haka ba dorina ba ce. Amma ayar ba ta ba da awon jelar ba. Aikatau na Ibraniyanci a wurin yana da wuyar fassara, kuma ya fi karkata ga abin da jelar take yi, miƙewa ko ƙagewa, ba tsawonta ba. Rabin ayar na biyu, a juyin Latin da tsohon juyin Ingilishi na 1611, yana magana a kan gaɓoɓin haihuwa, shi ya sa waɗansu masana suke ganin jelar ma sakaya ce. Sauran bayanin kuwa masunci zai gane shi nan take: dabba mai cin ciyawa kamar sa, mai kwanciya cikin kyauro da fadama, wadda ambaliyar kogi ba ta firgita ta. Tun 1663 Samuel Bochart ya kawo dalilan cewa Behemot dorina ce, Lewiyatan kuma kada.

Duk da haka ba za mu ce dorina da kada ne kurum ba. Lewiyatan na sura 41 yana fitar da wuta da hayaƙi. A Zabura 74:14 kawuna gare shi, ba kai ɗaya ba, kuma allunan da aka fara tonowa a Ugarit ta ƙasar Suriya a 1929 sun nuna maƙwabtan Isra'ila suna da labarin wani macijin teku mai kai bakwai, Lotan. Marubucin ya ɗauki dabbar da mutane suke tsoro a kogi, ya haɗa da dodon da suke tsoro a labari, ya sa duka a hannun Mahaliccinsu. A Zabura 104:26 ma abin wasa ne a teku. Kirari ne, kuma Bahaushe ya san ba a auna kirari da tef ɗin tela. Allah ya nuna wa Ayuba waɗannan halittu ne don mutumin da ya rasa 'ya'ya goma ya ga akwai abin da ya fi ƙarfinsa amma bai fi ƙarfin Ubangiji ba. Wanda ya mai da wannan wuri darasin sanin dabbobi ya ƙwace wa masu makoki abincinsu.

A ce ma gobe an kama dabbar, me za ta tabbatar? A 1938 aka kamo kifin silakant a gaɓar Afirka ta Kudu, irin da ake zaton ya ƙare tun zamanin dainaso. Masana suka yi murna, suka gyara littattafansu, ba wanda ya canja addini. Hasarar kuwa, in ba a kama ba, tamu ce. Yaron ikkilisiya da ke karatu a jami'ar kimiyya ta Wudil zai duba wayarsa kafin a gama waƙar rufewa. In ya ga fasto ya faɗi abin da ba haka ba a kan dabba, da wane kunne zai saurare shi ranar Ista?

Mai hidima a Achika ko wani ƙauye na ƙasar Wudil ba zai gamu da mokele-mbembe ba. Abin da zai gamu da shi shi ne gidan da yaro ya tafi wanka a kogi bai dawo ba, ana cewa dodon ruwa ne ya ja shi, kafin sadakar uku kuma an fara kallon wata tsohuwa da sunan maita. A nan ne horon neman kan maciji yake da amfani. Ba a shiga gidan makoki da gardama, ba a kuma yi wa tsoron mutane dariya. Amma bayan an yi ta'aziyya, fasto da dattawa za su iya tambayar masunta da masu kwale-kwale a hankali: a daidai ina yaron ya nutse, ko wurin masu ɗiban yashi sun bar rami, ko a makon nan an saki ruwa daga madatsar Tiga ko ta Challawa, ko an ga sawun kada a bakin gaɓa. In rami ne, a kafa alama, a sanar a makarantar Lahadi, a kuma je wurin mai unguwa da limamin gari, gama yaransu da namu a mashaya ɗaya suke wanka.