Neman Afrodita a Birnin Jangare: Sharhi a kan Kwatanta Iskokin Bori da Gumakan So na Mutanen Da

1.0 Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta duba shi ne wata ɗabi'a da ta daɗe a cikin nazarin addinin gargajiya na Hausawa, watau ɗauko abin bautar wata al'umma ta da a ɗora shi a kan iskokin bori, a ce wannan shi ne wancan. Wurin da ɗabi'ar ta fi fitowa fili shi ne batun so da kyau. Tun da Yunanawa suna da Afrodita, Rumawa suna da Benus, mutanen Babila suna da Ishtar, sai a ɗauka lalle ne Bahaushe ma yana da tasa, aikin mai bincike kawai ya gano sunanta. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa wannan zato ba shi da tushe, kuma yana kange mu daga ganin abin da yake gabanmu.

Tun daga kalma matsalar ta fara. Hausa ba ta da wata tsohuwar kalma ta mace abin bauta. Masu fassara sun ƙirƙiro "allahiya", kalmar da kunnen Musulmi ba ya sake wa da ita. A nan za a yi amfani da "gumaka mata" ga na sauran al'ummu, a bar iskoki da sunansu na iskoki.

2.0 Su Wane Ne Ake Kwatantawa da Su?

Mafi tsufa a cikinsu ita ce Inanna ta Sumerawa, wadda babban ɗakin bautarta, Eanna, yake a birnin Uruk a kudancin Iraƙi ta yau. Mutanen Akkad da Babila suka kira ta Ishtar. A gaɓar Sham akwai Astarte, a Masar akwai Hathor mai ɗakin bauta a Dendera, sa'an nan Afrodita wadda aka fi danganta ta da Pafos a tsibirin Kubrus. Larabawan jahiliyya suna da Uzza a Nakhla, wadda Khalid bin Walid ya rushe a shekara ta 8 bayan hijira.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, kiran su gumakan so taƙaitawa ce ta 'yan baya, domin Ishtar ta yaƙi ce kamar yadda take ta sha'awa, har akan zana ta da makamai a kafaɗa da zaki a ƙarƙashin ƙafa. Na biyu, da yawa daga cikinsu an haɗa su da tauraruwar nan mai haske ta magariba da asuba. Bahaushe ya san tauraruwar sarai, ya ari sunanta daga Larabci ya ce Zara, har ya aurar da ita ya ce matar wata ce. Amma iyakarta kirari da kwatance. Ba a yi mata yanka ba, ba a gina mata ɗaki ba.

3.0 Tremearne da Waɗanda Suka Bi Sawunsa

A. J. N. Tremearne ya wallafa The Ban of the Bori a 1914, bayan ya tattara bayanai daga Hausawa mazauna Tunis da Turabulus. Littafi ne da har yanzu ba a wuce shi ba wajen yawan sunayen iskoki da kirarinsu, kuma bai kamata a raina wahalar da ya sha ba. Aibinsa shi ne na zamaninsa. A lokacin, littafin Frazer, The Golden Bough, shi ne madubin masana, kuma an yarda cewa duk wata al'ada mai tsari da aka tarar a ƙasar baƙar fata daga gabas ko daga arewa ta gangaro. Saboda haka da wuya Tremearne ya bayyana wata al'ada ta bori bai waiwaya Masar ko Babila neman 'yar'uwarta ba. H. R. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano a 1908, shi ma ya yi suna wajen bin diddigin sunaye zuwa gabas a kan kamancin sauti kawai.

Wannan hanya tana da daɗin bi, shi ya sa ba ta mutu ba. Alal misali, ɗalibi ya ji Inna, ya karanta Inanna, sai zuciyarsa ta buga. To, amma inna kalma ce ta uwa a Hausa da Fulatanci, kowane yaro yana faɗinta, alhali masana harshen Sumer suna fassara Inanna da uwargijiyar sama. Tsakaninsu akwai dubban shekaru da hamada guda, babu kuma wata shaida ta tarihi da ta haɗa su. Kama da wane ba ta wane.

Bari mu dubi Innar kanta. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafinsa a 1946. Abin da ya tarar shi ne Maguzawa sun yarda Allah ne mahalicci, iskoki kuwa halittu ne da ake lallashi da yanka don su yi alheri ko su janye sharri. Wannan kaɗai ya raba su da Afrodita, wadda take cikin jerin manyan abin bauta na Yunanawa. Inna, wadda akan sakaya sunanta a ce Doguwa ko Bafilatana, ruwanta da gona da dukiya da tsaron gida da kama ɓarawo. Idan ta fusata takan shanye hannu ko ƙafa, kuma daga nan ne muka sami sunan cutar shan-inna, wanda ma'aikatan lafiya suke amfani da shi har yau. A tsarin birnin Jangare mai zauruka 12 da Fremont Besmer ya bayyana a 1983, matar Sarkin Aljan Sulemanu ce, watau uwargida. Tsoronta ake ji, ba a zuwa wurinta neman saurayi. Ƙanwarta Barhaza ma nono da shanu ne sha'aninta.

Tsumburbura ba ta buƙatar dogon bayani. Abin da Tarihin Kano ya kawo shi ne itaciya kewaye da katanga, da Barbushe mai shiga shi kaɗai, da yankan baƙin kare da baƙin bunsuru, da faɗin abin da zai auku a shekara. Babu so a ciki, babu ado.

4.0 Ina So da Ado Suke a Bori?

A nan ne, a ganina, masu kwatance suka yi babbar asara, domin suna can suna neman mace, abin da suke nema yana tsaye gabansu cikin babbar riga. Iskan da ya tara kyau da ado da ƙamshi da jan hankalin mata a bori namiji ne, watau Ɗan Galadima. Shi ne ɗan sarki mai kyauta har ta wuce kima, mai caca, mai turare da goro, wanda idan ya hau godiyarsa sai a shimfiɗa masa, a yi masa fifita, ya yi ta rabon kuɗi ga makaɗa. Ciwon da yake sa wa mutum ma irin halinsa ne: almubazzaranci da rashin zama wuri ɗaya. Idan aka tuna cewa akasarin masu hawan bori mata ne, sai a ga ma'anar abin. Mace ce take sa rigar yarima ta fito fili tana nuna irin namijin da ake so da irin ɓarnar da yake yi. Wannan sharhi ne a kan sarauta da samartaka a ƙasar Hausa, kuma babu wani abu a Pafos da zai fassara mana shi.

Tatsuniya ma ta goyi bayan haka. A Daskin-da-Riɗi saurayi ne abin takara, 'yammata ne suke ado suna tafiya neman sanin sunansa.

Iska mace da ta fi kusa da abin da ake nema ita ce Mariya, wadda Adeline Masquelier ta yi nazari a kanta a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar, cikin wata maƙala ta 1995 da littafinta na 2001. Mariya karuwa ce mai son tsafta da turare da madubi da kayan zaƙi. Mai gaggawa zai ce to ga Afroditar nan an samu. Amma kayan Mariya kayan kanti ne, sukari da alewa da sabulu, waɗanda suka yawaita bayan zuwan Turawa, don haka ba za a kai ta zamanin Barbushe ba. Bugu da ƙari, Masquelier ta nuna cewa zaƙin nata yana da alaƙa da abin da matan Hausawa suke kira zaƙi a lokacin goyon ciki, wanda suke shan magani don fitar da shi saboda kada ya tsare haihuwa. Ashe Mariya gargaɗi ce a kan daɗin da ba ya haifar da ɗa. Masquelier ta gano haka ne domin ta tambayi matan Arewa, ba ta buɗe littafin Yunanawa ba.

Akwai kuma zancen karuwanci. Gaskiya ne a garuruwa da yawa gidan magajiya ya zama matattarar 'yan bori, kuma Baba ta Karo ta ambaci haka a labarin rayuwarta da Mary Smith ta wallafa a 1954. Daga nan wasu suka yi tsalle zuwa ga labarin Herodotus na cewa matan Babila sukan ba da kansu ga baƙi a ɗakin bauta. Shi wannan labari ma masana sun yi ta tababa a kansa, har Stephanie Budin ta rubuta littafi sukutum a 2008 tana musanta aukuwar abin. Ta fuskarmu kuwa, dalilin haɗuwar bori da gidan magajiya a bayyane yake: bayan jihadin 1804 bori ya rasa gurbinsa a fada, ya koma hannun waɗanda ba sa ƙarƙashin ikon miji ko malami. Inda jihadi bai kafu ba, kamar Tsibiri da Maraɗi, shugabar bori 'yar gidan sarauta ce, Inna a Gobir, Iya a Katsinar Maraɗi. Wanda ya ce kakanninmu sun mai da fasikanci ibada ya ɗora musu laifin da ko Babilawan ba a tabbatar musu da shi ba.

Don kada a ce Afirka ce gaba ɗaya ba ta da irin wannan abin bauta, ga Oshun ta Yarabawa a Oshogbo, mai kogi da kurmi da bikin shekara, wadda ake roƙo haihuwa kuma ake yabo da kyau, har UNESCO ta sa kurminta cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Maƙwabta ne na kusa, amma tsarinsu dabam, namu dabam.

5.0 Abin da Ake Gani a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Idan Bahaushe bai ba wata iska mace ragamar so da kyau ba, wa ya ba? Amsar tana cikin unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, waɗanda suke bayan badala har birni ya faɗaɗa ya haɗiye su. Wasan bori a fili ya ja baya ƙwarai a Kano, musamman bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 da dokar Hisba ta 2003, amma sana'ar gyaran amarya sai bunƙasa take yi. Akwai mai lalle, da mai kitso, da mai dilka da halawa waɗanda suka shigo ta hannun matan Barno da Sudan, da mai turaren wuta da humra, da mai kayan mata. A wurin waɗannan mata kyau abu ne da ake haɗawa a tukunya da turmi, a koya wa yarinya kafin a kai ta ɗaki. So kuwa farin jini ne, wanda ake nema da magani ko rubutu ko addu'a, idan ya zarce ya koma mallaka, abin da uwar miji take tsoro. Duka biyun a hannun mutane suke, ana saye, ana sayarwa, ana gado daga uwa zuwa 'ya.

Kyau da ya fito daga wajen mutane kuwa abin zargi ne. Idan aka ce wance kyakkyawa ce kamar aljana, yabo ne mai ɗauke da fargaba. Kowa a zauren nan ya san labarin direban da ya ɗauki kyakkyawar mace da tsakar dare, sai da ya duba ƙasa ya ga kofato. Bayunane ya ga kyau da ya fi ƙarfin ɗan Adam ya gina masa ɗaki, Bahaushe ya gan shi ya yi a'uziyya ya taka mota.

Har ila yau, yawancin abin da aka rubuta a kan bori maza ne suka rubuta, daga bakin maza makaɗan garaya da sarakunan bori, domin su ne baƙo yake iya zama da su a zaure. Kiɗan ƙwarya na cikin gida, da abin da tsohuwa take faɗa wa amarya a daren sa lalle, da sunayen itatuwan da ake dakawa, kaɗan ne suka shiga takarda. Ɗalibanmu mata da suke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna iya shiga waɗannan ɗakuna ba tare da tafinta ba, kuma tsofaffin da suka ga girka da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.